Jan Ɗigo a Kan Gidan Burodi

Taubashina mai gidan burodi ne a Birnin Gwari, kuma saura ƙiris jaridar da nake yi wa aiki ta sa a kashe shi. Ba mu rubuta sunansa ba. In ka cire ni, babu wanda ya san yana duniya a ofishinmu. Ɗigo kawai muka ɗora masa a kan rufin kwano, ja, ƙato.

Ɗan kawuna ne, ɗan wan mahaifiyata, don haka tun muna yawo ba wando yake kirana bawansa. Mutum ne mai tumbi da surutu. In ka shiga gidan burodin za ka same shi fari fat da fulawa har gira, yana zagin masu kwaɓi, yana zagin itace don ya jiƙe, yana zagin farashin sukari, duk a numfashi ɗaya. Bai taɓa ɗaukar aikina a matsayin aiki ba. Cewa yake ni maroƙi ne da ya yi boko, wai abin da ya raba ni da masu kirari a gidan biki rigar kwat ce kawai, ita ma ta gwanjo.

A ofishinmu na Kaduna kuwa ni ne ɗan Birnin Gwari, kuma wannan kaɗai shi ne muƙamina. Jarida ce ƙarama ta intanet, mu 'yan kaɗan a ɗaki biyu da janareto mai tari. Ko akuya aka sace tsakanin Buruku da Tegina, edita zai leƙo ya ce mini, "Duba mana, can wajenku ne." Ni tsohon hannu ne, aikina na waya ne da ƙafa, na san direbobi, na san masu shayi, na san wane ɗan sanda ne zai yi magana in ka fara tambayarsa lafiyar iyali.

Ga yadda muke aiki, kuma duk ɗan jaridar Kaduna da ya ce ba haka yake yi ba, a ba shi Alƙur'ani ya dafa. Waya za ta shigo daga wani ƙauye can cikin daji. Mutum ya hau tudu ko bishiya yana neman sabis, yana haki, ya gaya maka an shigo musu, an kore shanu, an tafi da mutane. Ka tambayi sunan garin, ya faɗa, ka sake tambaya, ya sake faɗa, layi ya yanke. Ka rubuta yadda kunnenka ya ji. Edita ya duba ya ce, "Wa ya san wannan wurin a Abuja? Sa Birnin Gwari." Ƙaramar hukumarmu ƙasa ce guda, daga wasu ƙauyukan zuwa cikin gari sai ka wuni a kan babur. Amma a jarida, duk abin da ya faru daga bakin dajin Kamuku har iyakar Zamfara, a Birnin Gwari ya faru. Haka muke yi, haka sauran jaridu suke yi, shekara da shekaru.

Sai aka ɗauko mana wata matashiya da ta je horo a kan aikin jarida da alƙaluma. 'Yar lissafi muke kiranta. Ba ta fita neman labari, ba ta da lambar direba ko ɗaya. Tana zuwa da safe za ta buɗe kwamfuta, ta toshe kunnuwa, ta shiga tattara duk rahoton harin da wata jarida ta taɓa bugawa a kan yankinmu, kowane hari layi ɗaya: rana, wuri, abin da ya faru, wanda ya faɗa. Inda jaridu da yawa suka ba da labarin hari guda, kowace da nata adadin, sai ta haɗe su ta ware abin da suka yi tarayya a kai. Na tsaya a bayanta wata rana ina cin gyaɗa, ta nuna mini cewa hare-haren suna ƙaruwa ne lokacin kaka, sa'ad da amfanin gona ya zo gida.

Na ce, "Wannan ai ko kakata ta sani."

Ko juyowa ba ta yi ba ta ce, "Kakarka za ta iya tsayawa gaban hukuma ta nuna musu a rubuce, Malam?"

Na ci gaba da cin gyaɗata. Gaskiya ita ce yarinyar ta iya aikinta, kuma abin da ta tono daga baya ya fi ƙarfin kakata. Ta jera rahotannin jaridu gefe guda, ta jera sanarwar hukuma gefe guda, sai ga hare-hare birjik da ba su taɓa fitowa a bakin hukuma ba, kamar ba a yi su ba. Mutanen da aka binne, wasu na san danginsu, babu su a lissafin kowa. Ran da na ga wannan na daina yi mata shaƙiyanci, na koma ina buga waya ƙauyuka ina tabbatar mata da abin da ta samo. Na ji daɗin aikin nan ƙwarai, ban taɓa yin wanda na ji ya kai shi amfani ba.

Da rahoto ya kammala edita ya ce sai an sa taswira, wai mutanen yanzu ba sa karatu, kallo suke yi. Akwai manhajar da ake zuba wa sunayen wurare, ita kuma ta nemo su a taswira ta ɗiga musu alama, in wuri ya maimaitu da yawa ɗigonsa ya ƙara girma. Aka zuba mata. Dogon Dawa ta samu ɗigonta, wasu garuruwan da manhajar ta sani suka samu nasu, ƙanana. Sauran layukan kuwa, waɗanda suka fi yawa nesa ba kusa ba, duk Birnin Gwari aka rubuta musu, albarkacin editocin Kaduna. Ita manhaja ba ta san ƙasa ba, wuri ɗaya tak ta riƙe a matsayin Birnin Gwari, sai ta tara su duka a nan. A allon ofis abin ya yi kyau: ga daji kore, ga hanya, ga jan ɗigo ƙato zaune a kan gari. Edita ya aika aka sayo tsire, muka ci, aka saki labari.

Abin da babu wanda ya tuna a cikinmu shi ne mutanen garinmu ba sa kallon taswira don su ga ƙasa. Gidansu suke nema. Ka ba mutumin garinmu taswirar duniya a waya, zai sa yatsu biyu ya yi ta buɗawa har sai ya ga rufin ɗakinsa da bishiyar darbejiyar ƙofar gida, sa'an nan ya kira matarsa ta zo ta gani. Taswirarmu kuma irin mai hoton sama ce, kana buɗawa rufin gidaje na fitowa. Wani bawan Allah ya buɗa, ya buɗa, jan ɗigon yana ƙanƙancewa yana matsewa, har ya tsaya cak a kan wani dogon rufin kwano mai bututun hayaƙi, da tulin itace a gefensa. Duk garin babu wanda bai san wannan rufin ba.

Ya ɗauki hoton fuskar wayarsa ya jefa a guruf ɗin hirar 'yan gari na waya. Kafin la'asar hoton ya samu rakiyar saƙon murya. Wani ne da har yau ban san ko wane ne ba, ya yi sallama cikakkiya, ya yi salati, sa'an nan ya sanar da jama'a cewa tauraron ɗan'adam ya tona asiri, 'yan jarida sun gano gidan da ake kitsa duk hare-haren ƙasar nan, kowa ya buɗe ido ya gani da kansa. Ya rufe da cewa a tura wa 'yan'uwa don Allah.

Wanda bai zauna a garinmu a waɗannan shekaru ba zai iya yin dariya a nan, ni ma da a wani garin ne da na yi. A wajenmu akwai kalmar da ta fi kowane zagi muni, ita ce infoma, wato mai kai wa 'yan bindiga rahoto: wa ya sayar da hatsi, wace mota ce za ta tashi, wane gida ne ɗansu ya turo kuɗi daga birni. Wanda aka liƙa wa wannan suna ba kotu ake kai shi ba. Kuma tun kafin taswirarmu, masu sayar da burodi da fetur da magani ido yana kansu, don mutanen daji ma suna cin burodi. Kullum da sassafe babura suna layi a ƙofar taubashina suna ɗaure kaya zuwa ƙauyuka. Wa zai rantse a kan inda kowane burodi yake kwana?

Inna ce ta kira ni, mahaifiyata. Ba ta amsa gaisuwata ba.

"Kai ne ka sa wa ɗan yayana jan tambari a ka?"

Na ce wane tambari. Ta ce in tambayi kwamfutata. Ta ce 'yan sa-kai sun je sun ce kada ya sake hura wuta sai an zauna gaban mai unguwa, matarsa ta kwashe yara ta kawo su wajenta, shi kuma yana zaune a gidan burodin ya ƙi fita ya ƙi cin abinci. Ta ce, "In wani abu ya same shi, ka nemi wata uwar a Kaduna." Ta kashe wayar.

Na nuna wa 'yar lissafi hoton. Ta kalla, ta buɗe taswirar a kwamfutarta, ta yi ta buɗawa har rufin ya fito, sai ta dafe baki da hannu biyu. Nan take ta sauke taswirar daga shafinmu. Amma magana zarar bunu ce, hoton ya riga ya shiga kowace waya daga tasha har Tsohon Birnin Gwari. Edita ya zo ya tsaya a kanmu, ya yi jimami daidai gwargwado, sa'an nan ya ce, shi dai abin da ya lura, ba mu taɓa samun masu karatu daga yankin nan kamar na wannan makon ba. Na dube shi. Ya ce a ba ni kuɗin mota.

Washegari na bi ayarin motocin da jami'an tsaro suke rakawa. A hanyar nan ba a hira. Kowa ya ƙura wa daji ido yana motsa baki, direba ya kashe rediyo, in mota ta faɗa rami sai ka ji salati ya tashi gaba ɗaya. Ni kuwa abin da nake ta juyawa a raina shi ne yadda zan fassara wa mutanen da suka binne 'yan'uwansu cewa kwamfuta ba ta nufin kowa da sharri.

Na sami taubashina zaune a kan buhun fulawa, tanda a kashe, wurin ya yi sanyi. Ban taɓa ganin gidan burodin nan shiru ba. Ya ɗago ya dube ni, na jira zagi, don zagi nake so, da ya zage ni da na san da sauran ƙarfinsa. Sai ya ce, "Ka iso lafiya?" Tsoro ya kama ni sosai a lokacin.

Washegari da hantsi aka zauna a zauren mai unguwa. Mai unguwa dattijo ne mai son a rabu lafiya, irin wanda in an kawo masa rigimar kaza yakan so ya biya kazar da kansa a huta. Gefensa kwamandan 'yan sa-kai, siriri, mara fara'a, bindigarsa ƙirar gida jingine da bango. Na san shi tun yana gyaran keke. An tare motar da ƙanensa yake ciki a hanyar Funtuwa, kuma kowa ya san wani ne daga cikin gari ya ba da labarin tashinta. Ba wawa ba ne, ba kuma azzalumi ba ne, mutum ne da aka yi wa ciwo yake neman wanda ya yi masa. Sai 'yan kallo cike da ƙofa, kowa da waya a hannu.

Na gyara murya na fara bayani irin na ofis. Na ce ranka ya daɗe, ita wannan manhaja ba ta san gida ba, suna kawai take karantawa. Na yi maganar layuka, na yi maganar tsakiyar gari, har da zana da'ira a ƙasa da yatsa. Ina magana ina jin kaina, kuma ko ni da na zo da bayanin ban gamsu ba.

Kwamanda ya bari na gama. Ya ce, "Malam, gidaje nawa ne a garin nan?"

Na ce suna da yawa.

"To duk ta tsallake su. Ta tsallake nawa, ta tsallake na mai unguwa, ta tsallake tasha da kasuwa, ta je ta zauna a kan nasa. Ita na'ura tana da gaba da shi ne?"

Aka yi gunaguni a ƙofa. Wani ya ce ruwa ba ya tsami banza.

Sai dabara ta zo mini, irin dabarar da takan zo wa mutum don ta ƙarasa shi. Na ce kowa ya buɗe taswirar da ke cikin wayarsa, ba tamu ba, ya rubuta Birnin Gwari kawai, ya ga inda za ta kai shi. Nufina su ga cewa alamar tana faɗawa ne inda ta ga dama. Aka duƙufa. Sabis ya yi ta jan ƙafa. Can sai wani ya ce, "La ilaha illallahu!" Ya ɗaga wayarsa. Alamar tana kan gidan burodi. Na biyu ya ɗaga, gidan burodi. Kwamanda ya duba tasa, ya juyo da ita ya nuna wa mai unguwa. Ashe duk daga rijiya ɗaya suke shan ruwa, tamu da tasu. Na zo wanke mutum na ƙara masa shaidu cike da zaure.

Taubashina ya dube ni a karo na farko tun da muka zauna. Ya ce, a hankali, "Bawana, in ba za ka iya ceto na ba, don Allah ka daina taimako."

Na ce a ƙara mini haƙuri kaɗan. Na karɓi wayar wani na ce to a bar garinmu, a rubuta Funtuwa. Alamar ta je ta sauka a kan wani gida da babu wanda ya san mai shi. Na ce wannan bawan Allah fa, shi ne Funtuwa? Na ce a rubuta Zariya. Ta sauka a gefen wani titi. Na ce a rubuta Nijeriya gaba ɗayanta. Aka rubuta, taswira ta ja da baya, ta yi tafiya, ta je ta dasa alamar can wajajen Abuja.

Na ce, "To kun gani. In aka zuba mata duk satar da aka yi a ƙasar nan aka ce a Nijeriya aka yi, nan za ta tara ta. Sai mu ce duk ɓarayin ƙasar nan a nan suke?"

Wani tsoho daga bakin ƙofa ya ce, "A nan kam na'urar ta faɗi gaskiya."

Zauren ya fashe da dariya, har mai unguwa sai da ya rufe baki da gefen rawani. Kwamanda bai yi dariya ba, amma na ga kafaɗarsa ta sauka. Ya karɓi wayarsa, ya juya mana baya kaɗan, ya yi rubutu da yatsa ɗaya. Daga baya na ji cewa Tsohon Birnin Gwari ya rubuta, garin da aka haife shi. Ya daɗe yana buɗa hoton. Ban san kan rufin wa alamar ta sauka ba, bai faɗa ba, babu kuma wanda ya yi gigin leƙawa. Ya dai kashe wayar ya sa a aljihu.

Ya ce, "Wato duk inda aka ce gari, sai ta zaɓi kan wani ta zauna."

Na ce haka ne.

"Ku kuma kuka kwashe na ƙauyuka duka kuka ce a gari aka yi."

Na ce haka ne.

Ya ce, "Ƙanena a hanyar Funtuwa aka kashe shi. Shi ma yana cikin wannan ɗigon?"

Na ce ina jin yana ciki. Ya gyaɗa kai, ya ɗauki bindigarsa, ya tsaya gaban taubashina ya ce ya je ya hura wutarsa, babu wanda zai taɓa shi, kuma duk wanda ya taɓa shi da shi ya yi. Mai unguwa ya yi hamdala da ƙarfi kamar shi aka wanke, ya sa aka yi fatiha. Ran Juma'a kuma aka yi sanarwa a masallaci.

Na koma Kaduna ina jin kaina gwarzo. Muka buga gyara, da ban haƙuri, da sabuwar taswira wadda 'yar lissafi ta shafa wa ƙaramar hukumar launi gaba ɗaya, babu ɗigo a kan kowa. Ta kafa doka a ofis cewa daga yau kowane rahoto sai da sunan ƙauyensa, ko Abuja ta sani ko ba ta sani ba, edita kuma ya amince don ya ga idonta. Ni ma na yi nawa saƙon muryar, da sallama da salati kamar na wancan, na bayyana komai dalla-dalla, na ce a tura wa 'yan'uwa don Allah. Inna ta tura wa ƙawayenta. Ina jin a nan ya tsaya.

Ran taubashina ya tsira, wannan kam. Amma masu shayi suka fara rage abin da suke ɗauka. Ba wai sun yarda da zancen ba, in ji su, sai dai mai saye in ya ga takardar da ke cikin ledar sai ya ture ya ce a ba shi wani. 'Yan babur suka ce su ba za su bi hanyar daji da wannan takardar a bayansu ba, kowane shingen bincike sai an sauke su an yi musu tambayoyi. Takardar nan kuwa sunan kawu ne a jikinta, mahaifinsa, wanda ya gina tandar da hannunsa, ya rasu ya bar masa. Duk garin da sunan ake kiran burodin. Cikin 'yan watanni ya sallami rabin ma'aikatansa. In na kira shi sai ya ce Alhamdu lillahi, ya tambayi iyali, ya ce ana kiransa.

Bayan damina na je gida duba Inna. Na tarar hayaƙi na tashi daga bututun gidan burodin, babura kuma sun dawo, ko da yake ta ƙofar baya suke ɗaukar kaya. Na shiga na same shi fari fat yana zagin wani mai kwaɓi. Na yi murna har na rungume shi. Na ce kasuwa ta dawo ke nan. Ya ce ta dawo. Ya miƙo mini burodi ɗaya mai zafi a farar leda, babu takarda, babu komai.

Ya ce, "Na cire sunan tsoho. Yanzu burodin Funtuwa ne. Haka masu shayi suke cewa, haka 'yan babur suke cewa. Kai ma in an tambaye ka haka za ka ce." Ya nuna ni da yatsa mai kwaɓi. "Ka ji ko? Kada ka gyara. Na san halinku da gyara."

Ran da zan koma, na zauna a teburin mai shayin tasha da safe ina jiran ayari ya haɗu. Mai shayin ya san ni, ya san ko ni wane ne a wajen mai burodi. Ya haɗa mini shayi, ya yanko burodi daga farar leda ya ajiye mini, bai dube ni ba. Kusa da ni wani magidanci ne da buhunan masara zai kai Kaduna, yana tsoma nasa a kofi yana ci da marmari. Mutumin kirki ne a ganina, har ya matsa mini a benci.

Ya ce wa mai shayi, "Ka ga burodi na Allah da Annabi. Gara da kuka koma ɗauko na Funtuwa. Ni tun da aka gano infoman nan ban ƙara sa nasa a bakina ba, ko kyauta aka ba ni." Ya juyo gare ni, ya ga jakar kwamfuta a cinyata. "Ai ku ma'aikata kun fi mu sanin zancen. A intanet aka nuna gidansa ƙiri-ƙiri. Ko ba haka ba, Malam?"

Bayanin duka yana bakina, na haddace shi, na taɓa cin zaure guda da shi. Mai shayi ya tsaya da ludayi a hannu yana kallona. In na wanke sunan kawu a teburin nan, sai na faɗi inda burodin ya fito, kafin azahar kuma tasha duka ta ji.

Na ce, "Burodin da daɗi."

Ya ce, "Wallahi kuwa." Ya sa mai shayi ya ƙara masa rabi, ya ce a ɗaure masa guda biyu zai kai wa yara.